Kasuwar Da Ta Ƙi Ci

Akwai wasu mutane, sun san kansu, da za su gina maka ɗaki ba su tambaye ka inda kake son ƙofa ba, in ka ƙi shiga su bi gari suna cewa kai butulu ne. Irinsu sun fi ɓarawo ɓarna, don shi ɓarawo kayanka kawai yake ɗauka, su kuwa bakinka suke ƙwacewa, sannan su tsaya suna jiran godiya. Ba yau aka fara ba. Ga labarin ɗaya daga cikinsu, wanda Allah ya tarfa wa garinsa nono.

Masu riƙe da labaran mutanen da can sun ce an yi wani sarki mai ƙarfin mulki da zafin zuciya, wanda tsohuwar kasuwar birninsa ta hana shi sakat. A cikin kwari take. Da damina ruwa ya kwanta mata har gwiwa, da rani gobara ta lashe rumfunan zana. Sai ya kira wazirinsa, Waziri Jatau, mutum mai kaifin basira da son a gama aiki a wuce wurin, ya ce ya gina masa sabuwa a kan tudu, wadda ido bai taɓa ganin irinta ba.

Waziri ya gina, kuma wallahi ya iya. Rumfuna na soro, hanyoyi masu faɗin da raƙuma za su gifta juna da kaya, ga rijiyoyi, ga magudanar ruwa. Ya ware wa kowace sana'a wurinta: mahauta a yamma kusa da magudana, masu turare nesa da su, masu hatsi a bakin ƙofa. Da aka gama, mai shela ya zaga gari ya ce sarki ya ce kowa ya tashi ya koma.

Ba wanda ya ce a'a. Suka ce, "Allah ya ja zamanin sarki," suka koma cikin taɓonsu. Aka tura dogarai suka koro su, suka zo da jikinsu suka bar kayansu a gida. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, ba mai ciniki a kan tudun nan sai awaki da ƙadangaru.

Sarki ya kira waziri ya ce, "Jatau, fatake za su iso da kaka. In suka iso kasuwata ba ta ci ba, da hannuna zan warware rawanin nan a gaban fada, ka bar mini ƙasata."

Waziri ya fita. Ya duba aikinsa sama da ƙasa bai ga aibi ba, kuma wannan ya fi komai ba shi tsoro, don abin da ba a ga aibinsa ba, ba a san inda za a gyara ba. Sai ya nufi bayan ganuwa, wurin Malam Kallamu, wani tsohon masani da ya karantar da mahaifin sarki, aka yi masa tayin alƙalanci ya ƙi.

Malam ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Wa ka kai wa goro?"

Waziri ya ce, "Goro kuma, Allah gafarta Malam? Umarnin sarki ne fa, ba ɗaurin aure ba."

"To shi ya sa amarya ta ƙi tarewa."

A ƙasar nan kuwa al'ada ce, kasuwa ba ta zama kasuwa sai an kai wa shugabannin sana'a goron gayyata, sai Sarkin Pawa ya yi yankan farko makaɗansa sun buga kalangu. Waziri ya san wannan sarai. Ya dai ɗauka maganar sarki ta fi ƙarfin goro.

Malam ya ce a kai shi fada. Da ya zo gaban sarki ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, kasuwar wa aka gina a kan tudu?"

Sarki ya ce, "Tawa."

"To me ya ɓata maka rai? Ga ta nan, ka shiga ka ci abarka. Me za ka kasa?"

Sarki ya ce, "Sarki ba ya kasa kaya."

"Me za ka saya?"

"Ana kawo mini har gida."

"Ashe ka gina abin da ba ka da bukatarsa, ya sarki, kuma masu bukatarsa ba ka bar su sun ce nasu ne ba."

Waziri bai taɓa jin an yi wa sarki magana haka kan mutum ya kwana a wuyansa ba. Amma sarki ya dubi tsohon nan ya ce, "Mene ne magani?"

Malam ya ce, "A rushe rumfunan mahauta, da na masu hatsi, da duk layin da ke tsakiya. A bar fili. Sannan waziri ya ɗauki goro da ƙafarsa, ya tambayi kowa inda yake son zama."

"In rushe abin da ba shi da aibi?"

"Aibinsa ke nan, ya sarki, an gama shi. Ba a bar wa kowa inda zai sa hannu ba."

Sarki ya ce, "Na yarda. In bai yi ba, rawanin Jatau zai tafi, gemunka ya raka shi."

Malam ya shafa gemun ya ce, "Wannan ai ya fara tafiya da kansa tuntuni."

Aka rushe, waziri na tsaye yana kallo kamar ana rushe haƙarƙarinsa. Sannan ya ɗauki goro ya fara da gidan Sarkin Pawa Nomau, wani ƙaton mutum mai bakin da ya fi wuƙarsa kaifi. Nomau ya karɓi goron ya juya shi a hannu, ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe ka san hanyar gidana? Na zaci naman gidana ne kawai ya san hanyar naka."

Waziri ya haɗiye ta da ɗacinta. Ya ce, "Sarkin Pawa, zuwa na yi ka nuna mini inda za a yi yanka. Ni ban sani ba."

Nomau ya dube shi da kyau, ya ga ba wasa yake ba. Washegari ya hau tudu da dattawan mahauta, Malam da waziri na biye. Suka zaga, suka shaƙi iska, suka zuba ruwa a ƙasa su ga inda zai gangara, suka yi musu har aka kusa zare wuƙaƙe. Can Nomau ya kafa sandarsa ya ce, "Nan."

Waziri ya dubi ƙasa. Sandar a tsakiyar ɓaraguzan rumfunan da aka rushe take, daidai inda ya sa mahauta tun farko. Bakinsa ya buɗe zai yi magana, sai ya ji yatsun Malam sun matse masa hannu.

Nomau ya ce, "Wanda ya yi ginin farko a nan bai san komai ba. Dubi inda ya sa ƙofa." Ya matsar da ƙofar kamar tsawon sandarsa, ya tuɓe riga, ya ce a kawo ruwa a kwaɓa ƙasa.

Haka masu hatsi suka yi, suka sha rana suna gardama, suka zaɓi bakin ƙofa. Masu turare suka ce su dai a nisanta su da mahauta. Abu guda ne waziri ya ji wanda bai taɓa zuwa masa a rai ba. Masu saukar da fatake, waɗanda gidajensu ke kewaye da tsohuwar kasuwa, suka faɗa masa ido da ido cewa su ne suke bi gida gida suna hana mutane tashi, don in kasuwa ta tafi abincinsu ya tafi. Waziri bai kira dogari ba. Ya yanka musu filaye a gefen tudu, kafin a ce haka sun fi kowa ɗokin a tashi.

Da kaka ta yi, ran da fatake suka iso, sarki na zaune a soronsa da hantsi sai ya ji wani ruri daga nesa, kamar kogi ya kawo ruwa. Ya tambaya ko hadari ne, aka ce sama tas take. Ya hau bene ya hango ungulaye suna shawagi a kan tudu, kalangu na tashi, mutane na kwarara ta kowace ƙofa kamar an fasa rumbun gero. Ya sauko ya tafi da kansa. Waziri na gefensa yana mamaki, don shi ya zana wurin nan, amma bai taɓa zaton tubali da ƙasa za su yi numfashi haka ba.

Sarki ya tsaya a gaban rumfunan mahauta, ya gane wurin. Fuskarsa ta canja. Ya juya ga Malam ya ce, "Kai tsoho, ka sa na rushe gini don a sake shi a inda yake? Ashe Jatau daidai ya yi tun farko."

Malam ya ce, "Daidai ya yi, ya sarki, amma shi kaɗai ya yi. Da, in ruwa ya ci bangon nan, sai su zauna su jira ka. Yanzu je ka taɓa shi ka gani."

Sarki ya miƙa hannu ya dafa bangon. Nomau, da bai ɗago kai daga naman da yake sara ba, ya ce, "Wane ne wannan? A yi hankali da bangonmu, bai gama bushewa ba."

Dogarai suka zabura. Sarki ya ɗaga musu hannu, ya janye nasa daga bangon a hankali. Sannan ya gyara wa waziri rawaninsa da hannunsa, ya ce, "Yau na sani, yi wa mutum daidai rabin adalci ne. Ɗaya rabin, a tambaye shi."

Kai mai karatu, ka tuna ranar da aka yanke maka abu mai kyau ba a shawarce ka ba, ka tuna yadda ya tsaya maka a maƙogwaro. In ka isa, ka ce sarkin nan ƙarya ya yi.