Zoɓon da Aka Ɗaure da Danshi

'Yan'uwana cikin Ubangiji, ban yi karatu mai zurfi ba, amma na san yakuwa, na kuma san makoki. Ku ji wannan misali.

Akwai wani mutum wanda matarsa ta rasu, ta bar masa 'yar gonar yakuwa a bayan gida. Daga garin iyayenta ta zo da irin, zoɓonsa ja wur, babu mai kamarsa a ƙauyen. Da kaka ta yi, mutumin ya bi yadda ya ga tana yi. Ya tsinki ganye ya baza a inuwa don kada rana ta ƙona shi. Ya ɓare jan zoɓon ya shanya a tabarma daban. Ƙwanson kuwa ya zuba a faifai, yana jira ya bushe ya fashe da kansa, gurguzu ya zubo, gama gurguzun nan shi ne irin baɗi. Da safe yakan juya shanyar da hannunsa, da yamma ya shigar da ita saboda raɓa. Wata rana yana juyawa yana hawaye.

Gida ɗaya suke zaune da wansa, wan kuwa yana shirin bikin sunan jikansa.

Wan ya ce, "Kai, har yanzu shanyar nan? Ka mai da mana tsakar gida kasuwar 'yan kayan miya. Baƙi su taka ina, a kaina?"

Mutumin ya ce, "Yaya, bai bushe ba. Taɓa ka ji."

"Na taɓa da ido. Ya isa haka."

Da mutumin ya fita kiwon awaki, sai wan ya tattara ganye da zoɓo da ƙwanso, ya zuba a buhu ɗaya, ya danna da ƙafa, ya ɗaure baki tam, ya jefa cikin rumbu. Tsakar gida ta yi fes, baƙi suka yi ta yabawa. Ya ce wa ƙanensa, "Na adana maka. Kada ka fito mana da shi sai taro ya watse." Don girman wa, ƙanen ya bar buhun a rumbu.

Bayan kwanaki, sa'ad da taro ya watse, ya kwance buhun, sai zafi da wari suka buge shi. Funfuna ta rufe kome. Ya ɗauki gurguzu ya matsa, ya narke a yatsunsa.

Wan ya leƙo ya ce, "Sai haƙuri, haka Allah ya so."

Mutumin ya ce, "Allah ya ba da rana da iska, Yaya. Buhun kai ka kawo."

Damina ta sauka, ciyawa kaɗai ta tsiro a bayan gidan.

Ma'anar wannan misali ita ce: shanya ita ce baƙin cikin wanda aka yi wa rasuwa. Rana da iska su ne ta'aziyyar Allah, wadda take aikinta a hankali. Gurguzu shi ne bangaskiyar da za ta sake tsirowa. Buhu kuwa bakinmu ne, mu masu bi, da muke son majami'a ta yi fes.

Da maigidana Irmiya ya rasu, ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba wata ta dafa ni a zumuntar mata, ta ce, "Haba Mama, mai bi ba ya kuka haka, kina ba mu kunya." Kunya! Ubangijinmu da kansa ya yi kuka a bakin kabarin abokinsa, wa ya tsawata masa? Wa ya ce bangaskiyarsa ta gaza?

Yanzu ga Damaris, wadda ta binne ɗanta na fari. Wata ranar Lahadi ta fashe da kuka cikin waƙa, biyu daga cikinku suka kama ta suka fitar da ita, wai tana ɓata sujada. Tun ran nan ba ta sake tako ƙofar nan ba. Kun ɗaure buhu, tsakar gida ta yi fes. In bangaskiyar yarinyar nan ta ruɓe a ɗaka, kada in ji wani ya ce haka Allah ya so.

In an tashi daga nan, gidanta za ni. Mai zuwa ya zo, amma ya bar wa'azinsa a bakin ƙofa. Ya ɗauko tabarma.