Nomau da Yaron da Aka Ce Ɗan Ruwa Ne

An yi wani mutum a wani gari na bakin kogi, tun zamanin da ba a san asibiti ba. Sunansa Nomau, saƙar tabarma ce sana'arsa. Bawan Allah ne mara hayaniya, irin wanda in ka taka masa ƙafa shi zai fara ba ka haƙuri. Ba malami ba ne, jama'a, kada ku je ku ce na ce malami ne. Sallarsa dai da kabarsa.

Allah ya ba matarsa Tabawa haihuwa, ɗa namiji, ɗan fari, aka sa masa Ilu. To kun san al'adarmu da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, uba ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, sai dai a ce "yaron nan". Wai kunya.

A wannan makon kuma maƙwabciyarsu ta haifi 'ya mace, daga nan wahala ta fara. Yarinya ta tsayar da wuya, Ilu kansa na lilo. Yarinya ta fara kifewa da kanta, Ilu inda aka ajiye shi nan za a same shi. Aka zaunar da ita cikin ƙwarya aka tokare ta da tsumma, ta zauna daram. Aka zaunar da shi, ya sulale gefe kamar jiƙaƙƙen zane. Ta yi haƙora, ta yi rarrafe, tana "ba-ba-ba" tana ɓarar wa uwarta da gari, shi kuwa yana kwance yana kallon rufin ɗaki, ga shekara ta kusa zagayowa.

Kowa ya zama mai magani. Wannan ta ce nonon uwar ne ba shi da kyau. Waccan ta ce a'a, maɗigarsa ce ta faɗa. Wani ya ce a rage masa wanka, wani ya ce a ƙara. Nomau ya bi na wannan, ya bi na wancan, har ya rasa wanne ya yi, wanne ya bari. Kansa ya ɗaure tamau.

Sai Gwaggo Yalwa ta zo, yayar uban Nomau, ungozomar da ta yanke cibiyar rabin garin. Ba muguwa ba ce, ku fahimce ni, abin da ta taras ana yi shi ta riƙe. Ta ɗaga hannun yaron ta saki, hannu ya faɗi.

Ta ce, "Nomau, wannan ba mutum ba ne. Ɗan ruwa ne, mutanen kogi suka yi muku musanya. Gobe da safe ka kai shi bakin ruwa ka ajiye, ka juyo, kada ka waiwaya. Zai koma maciji ya tafi wurin danginsa."

Ku saurara da kyau. A gaban manya, uba ba ya buɗe baki kan ɗan fari, balle uwa. Nomau ya dubi Tabawa, Tabawa ta dubi ƙasa. Sai da Gwaggo ta fita ya ce, "Ke me kika gani?"

Ta ce, "Maigida, ni kaina ya kulle. In ina ba shi nono yana kallon fuskata. Maciji yana kallon mutum haka?"

Ya ce, "Wallahi ban sani ba."

Da safe ya ɗauki yaro da ƙaramar tabarma ya nufi kogi. Ya shimfiɗa, ya kwantar da shi, ya juya. Ya kama hanyar gida, don shi bai taɓa musa wa babba ba. Can sai wani tunani ya tsayar da shi. In ya koma gida aka ce, "Ya shiga ruwan?" me zai ce? In ya ce e, ya faɗi abin da bai gani ba, shi kuwa tunda yake bai taɓa faɗin abin da idonsa bai gani ba. Bai san Gwaggo ce da gaskiya ko ba ita ba. Abin da ya sani kawai, ba zai iya shaidar ƙarya ba.

Sai ya waiwaya. Ya dawo, ya zauna a kan yashi, ya ce bari ya ga komawar macijin da idonsa.

Ya jira, ya jira. Hantsi ya yi, ba maciji. Ƙuda ya sauka a hancin yaro, yaro ya yi atishawa. Nomau ya zaro zaren kaba yana kore masa ƙuda, sai ya ga idon yaron na bin kabar, dama, hagu. Hannu ya taso a hankali, ya kuskure, ya sake tasowa, ya damƙe, ya kai baki. Wata nawa yaron nan a gidansa, kunya ba ta taɓa barinsa ya zauna ya dube shi haka ba. Da rana ta yi zafi Ilu ya fashe da kuka. Nomau ya ɗauke shi, yaro ya tsula masa fitsari a riga.

Ya saɓa shi a kafaɗa ya ratsa ta tsakiyar kasuwa. Ɗan fari fa, jama'a! Mata na riƙe baki, maza na dariya.

Gwaggo ta tare shi a ƙofar gida. "Ka waiwaya ko? Ka ɓata aikin!"

Ya durƙusa ya ce, "Na waiwaya, Gwaggo, har zama na yi. Ƙila ɗan ruwan ne, kin fi ni sani, ni har yanzu ban gane komai ba. Amma na jira bai koma komai ba. Abin da na gani yaro ne mai jin yunwa." Sai ya ɗaga murya, "Tabawa, zo ki karɓi Ilu!"

Tabawa ta fito a guje ko mayafi babu, tana kuka tana kiran sunan ɗanta, kowa na ji.

Gwaggo ta daina cin abincin gidansu. Na ga kuna jira in ce Ilu ya zama alƙali. Bai zama ba. Ya zauna a makare, ya yi tafiya a makare yana jan ƙafa ɗaya, harshensa da nauyi har tsufansa. Nomau ya koma ga Allah bai san abin da ya sami ɗansa ba. Amma Ilu ya rayu, ya yi furfura, ya yi sallah a sahu tare da mutane.

To ga inda na nufa. Yau ba ma kai yaro kogi, amma muna kai shi da baki. "Ɗan wance yana gudu, naki fa?" Uwa ta koma ɗaki ta yi kuka, ta ɓoye yaro don kada a gani. Ku ji tsoron Allah! Kowane jariri da tafiyarsa, wani ya yi sauri, wani ya jinkirta. In jinkirin ya dame ku, ga asibiti Allah ya kawo muku, ku kai shi da wuri, kada ku tsaya jin ta bakin kowa da kowa. Rai amana ce, ko na mai rauni ne. Kuma duk ranar da kanku ya ɗaure kuka rasa ina gaskiya take, kada ku aikata abin da ba ya gyaruwa, kada ku shaida abin da ba ku gani ba. Allah ya raya mana zuriya, masu sauri da masu nawa, ya hana mu juya wa ɗayansu baya.