Gafiya da Ɗanyen Taki

An yi wata Gafiya da ke zaune a bakin fadama da 'ya'yanta biyar. Maƙwabtanta biyu ne: Inna Bushiya, tsohuwa mai sanyin hali da ta tsufa a aikin lambu, da Malam Kwaɗo, wanda ba a taka shi ya yi shiru. Ita kuwa Gafiya, Allah Ya zuba mata haɗama. Ko ƙasa aka raba, sai ta ce tata ta yi kaɗan.

Kowa yana da ɗan lambunsa a bayan gida. Da bazara ta yi nisa, sai suka share lambunan, suka toshe ɓarakar danga, suka yi kaftu, suka yafa irin tattasai da tumatir. Gafiya ta yafa nata duka, ko ƙwaya ba ta rage ba. Da lambun nan kaɗai za ta ciyar da yaranta a shekarar.

Taki kuwa na tarayya ne. Kwana bakwai suna jidar kashin kaji daga bayan ƙauye, suka tara a gindin giginya, suka yayyafa ruwa, suka rufe da busasshen ganye.

Wata safiya Gafiya ta zo da kwandonta. "Inna, a raba takin nan yau. Shukata ta isa dashe."

Bushiya ta ce, "'Yar nan, zo ki sa hannunki a cikin tarin."

Gafiya ta cusa hannu, ta zare da sauri. "Wayyo! Kamar murhu!"

"To, abin da hannunki ya ji, shi saiwa za ta ji. Ɗanye ne. A bar shi mako huɗu ana juyawa, ya ruɓe, ya huce. Ki yi dashenki haka nan, taki ya biyo baya."

Gafiya ta taɓe baki. "Zafin nan ai shi ne ƙarfinsa. So kuke ya huce ku ɗebe mai kyau ku bar min ganye."

Kwaɗo ya yi tsalle. "Ke, uwar yara, ki iya bakinki! Tsohuwar nan kike kira ɓarauniya? Tun ba a haife ki ba take dashe a fadamar nan!"

"Kai kuma wa ya sa da kai, mai baki har kunne?"

Da ƙyar Bushiya ta raba su.

Da rana ta take, kowa ya shige inuwa, sai Gafiya ta lallaɓo. Ta yi ta jida har ta kwashe tarin tas. Ta binne shi duka a lambunta, ta dasa shukarta a kai, ta ba ta ruwa. Da Kwaɗo ya ga wurin wayam, ya yi ta zage-zage har muryarsa ta dushe. Bushiya ba ta yi faɗa ba. Tsayawa ta yi a bakin danga ta ce, "Ki tuge su yanzu, 'yar nan, ko rabi ne ki mayar wani wuri."

Gafiya ta ce, "Baƙin ciki ne ke cin ki, Inna."

Kwana biyu, gefen ganye ya ƙone. Kwana huɗu, shuka ta kwanta. Gafiya ta yi ta kwara ruwa, ruwan yana ƙara tayar da zafin. Ran na bakwai ta tuge ɗaya ta duba, saiwar ta yi baƙi ƙirin. Nan ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Bushiya ta ji tausayinta, ta ba ta tushe goma daga nata. Su ma suka ƙone, don ƙasar lambun gaba ɗaya ta ɗau wuta.

Damina ta sauka, yara suna kukan yunwa. Maƙwabta ma ɗan abin da suka samu bai taka kara ya karya ba, tunda babu taki. Gafiya ta rasa yadda za ta yi, ta nufi lambun wani manomi da ke ƙetaren rafi. Akwai tarkon ƙarfe a ƙarƙashin ganyen kabewa. Ba ta dawo ba.

Bushiya da Kwaɗo suka kwashi marayun, ana raba ɗan abin da ke akwai. Abin baƙin ciki, biyu daga cikinsu ba su ga kaka ba.

Da shekara ta zagayo, takin nan ya huce a cikin ƙasa. Lambun Gafiya ya yi kore shar, ya fi na kowa a fadamar, amma duk ciyawa ce. Kwaɗo, mai bakin nan, ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya wuce.

Darasin wannan labari shi ne, idan wanda ya riga ka sanin aiki ya ce ka jira, ka jira, kada ka ɗauki shawararsa a matsayin hassada. Mai haɗama ba kansa kaɗai yake cuta ba, har waɗanda ke jiran sa a gida.