Maƙeran da Suka Kashe Wuta

An ce a zamanin Sarki Bagudu na Kwargaba, wata rana maƙeran gari suka kashe wutarsu, suka ce ba za su ƙera kibiyar da za a harbi mutanen ƙanin sarki da ita ba. A lokacin sarki na shirin kai wa ƙanin nasa yaƙi. Sarki ya sa aka ɗaure su, ya ce sanƙira ya yi shelar sun yi tawaye. Hukuncin tawaye kuwa a garin nan takobi ne.

Sai gwaggonsa, Magajiya Kuluwa, ta shigo. "Ranka ya daɗe, kafin sanƙira ya buɗe baki, ka ji labarin Barde Tunau."

"Ina ji, Gwaggo."

Ta ce, "Wani sarki ya aiki Barde Tunau ya ƙone wani ƙauye da aka ce ya yi bore. Barde ya isa, ya tarar mata na sussuka, tsofaffi na saƙar tabarma. Ya juyo da rundunarsa, ya shigo fada da ƙafarsa, ya ajiye takobi. Sarki ya ce, 'Tawaye ka yi mini?' Barde ya ce, 'Allah ya ba ka nasara, ka ji labarin karen maharbi Jatau tukuna.

"'Jatau ya ga ciyawa na motsi, ya ɗana kibiya. Karensa ya cafke bakin rigarsa, ya turje. Jatau ya yi ta jibgarsa har ya karya masa ƙafa, kare bai saki ba. Sai ga 'yar Jatau ta fito daga ciyawar, ɗauke da ruwan da ta biyo shi da shi. Karen nan yana da haƙora, Allah ya ba ka nasara, amma riga ya kama.'

"Sarkin ya mayar wa Barde takobinsa, ƙauyen ya tsira."

Magajiya ta gyara zama. "Mai tawaye baya yake ba ka, ya shiga daji ya tara mutane. Maƙeranka fa? Duk makamin garin nan daga hannunsu ya fito, amma sai suka zauna ƙofar maƙera, da dogarai suka zo, suka miƙa musu hannu aka ɗaure. Wannan turjiya ce, ta masu gudun kada ka kashe ɗan'uwanka."

Sarki ya juya ga dogarai. Ya ce, "A kwance su. Gwaggo, wa zan aika wa ƙanena da saƙon sulhu?"

"Babban maƙeri. Wanda ya iya ce maka a'a, ƙaninka zai gaskata maganarsa."

Sarki ya ce, "A kira mini shi."