Igiyar Kaba a Karagar Sarki

Mamuda, Ladidi, Ɗantani, ku matso ku zauna. Kai Mamuda, kife wayar nan, lauyancinka kuma ka bar shi a bakin ƙofa tare da takalmanka. Shekara uku ke nan lambun marigayi ubanku yana rufe da kwaɗon kotu, kuna hawa daga wannan alƙali zuwa wancan, yau kuma na ji ana maganar Abuja. Ban yi boko ba, amma na shekara arba'in ina fatauci da kunnena a buɗe. Ku saurara, kada wanda ya katse ni.

An yi wani sarki a Birnin Zangon Dabino, sunansa Abdulƙadiri, amma talakawa Mai-Kunne suke ce masa, domin ranar naɗinsa ya rantse ba zai taɓa korar mai ƙara ba, ko sau nawa ya dawo. Mutum ne mai taƙawa, mai tsoron ya gamu da Ubangijinsa da haƙƙin wani a wuya, kuma wannan tsoron ne ya hana shi natsuwa: in ya yanke hukunci da hantsi, kafin la'asar yana kai-komo a soro yana tuhumar kansa, washegari wanda aka kayar ya zo ya yi kuka, sai a warware a koma farko.

To, a garin akwai wata al'ada. Duk abin da aka kai ƙara a kansa, dogarin alƙali zai ɗaure shi da igiyar kaba, ba mai taɓawa sai shari'a ta ƙare. A da kwana uku ne, igiyar ko bushewa ba ta yi. A zamanin Mai-Kunne kuwa sai ta ruɓe a sa wata.

Akwai wata rijiya a kan iyakar gonakin dabino biyu, ɗaya ta wata dattijuwa mai suna Barmani, ɗaya ta maƙwabcinta Cindo. Shekara bakwai rijiyar tana ɗaure. Sau huɗu sarki ya ba Barmani, sau huɗu ya ba Cindo, kuma kowane karo kafin dogari ya isa da wuƙa, wanda aka kayar ya riga ya faɗi a gaban sarki. Barmani tana da dabino arba'in, tana ɗauko musu ruwa a ka daga rafi mai nisa, suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Rannan sarki ya kira wazirinsa, Ɗalhatu, ya ce, "Waziri, raina ya ƙi kwanciya. Na ba ka kwana arba'in ka zo mini da siffar majalisar shari'a wadda ba ta kuskure, in kafa irinta in huta. In ka gaza, ka ajiye rawanin."

Waziri bai buɗe littafi ba. Zango ya tafi, ya zauna da madugai, yana tambayar kowa inda magana take ƙarewa a ƙasar da ya fito. Ran kwana na arba'in ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, na samo siffa uku. A wata ƙasa ta yamma alƙalai tara ne a ƙoli. Sarki ke naɗa su da yardar majalisa, amma ba shi da ikon tuɓe su, sai mutuwa ko su ajiye da kansu. Ƙararraki dubu sukan zo musu, su zaɓi 'yan kaɗan. Abin da biyar suka ce shi ne hukunci, huɗun da suka saɓa kuma su rubuta hujjarsu da sunayensu, a ajiye."

Sarki ya miƙe ya ce, "Ashe mutum ɗaya ke raba gaskiya da ɓata? In tsufa ya taɓa hankalin wannan ɗayan fa?"

"Haka zai zauna, ranka ya daɗe. Ƙasa ta biyu kuwa, majalisarsu ba ta tambayar rijiyar wane ce. Abin da take dubawa kawai, shin alƙalin ƙasa ya bi doka? In bai bi ba, ta rushe hukuncinsa ta tura wa wani alƙali ya sake. Da murya ɗaya suke magana, ba ka taɓa jin wanda ya saɓa."

"Su ɓoye saɓaninsu su bar ni da zato? Ta uku fa?"

"A ta uku shekara goma sha biyu alƙali yake yi, ba ƙari, don kada ya yi wa kowa fadanci yana neman a maimaita masa. Mafi talaucin talaka yana iya kai musu ƙarar dokar sarki kanta, in ta saɓa wa babban kundin ƙasa su soke ta."

Kai Mamuda ka san ƙasashen da nake nufi, ka daina murmushi.

Sarki ya zagaya soro sau biyu, ya tsaya ya ce, "Wacece a cikinsu ba ta kuskure?"

"Babu, ranka ya daɗe. Kowane madugu ya ba ni labarin hukuncin da mutanen ƙasarsa suke jin kunyarsa har yau."

"To ka gaza."

"Na gaza. Amma kafin in ajiye rawani ina da ƙara, sarki kuma ya rantse ba ya korar mai ƙara. Karagar nan da itacen maɗacin gonar mahaifina aka sassaƙa ta, ba a kuwa nemi izininsa ba. Tawa ce."

Dogari ya dubi alƙali, alƙali ya dubi ƙasa, amma al'ada al'ada ce. Dogari ya zagaye karagar da igiyar kaba. Sarki kuwa ba ya zama ƙasa a gaban talakawansa, sai ya ci gaba da fadanci a tsaye.

Nan take ya yanke cewa karaga ta sarauta ce. Waziri ya faɗi ya ce, "Na ɗaukaka ƙara, Allah ya ba ka nasara. Yaya mai abu zai yi wa kansa alƙalanci?" Sarki ya ga hujja ce, ya warware. Washegari ya ce to ya bar wa waziri. Sai Galadima ya faɗi ya ce kayan gado ne, ba na sarki ba ne balle ya kyautar. Aka warware. Rana ta uku ƙafafun sarki suka kumbura, yana dafe da bango, ya daka tsawa, abin da bai taɓa yi ba: "Ɗalhatu! Yaushe wannan masifa za ta ƙare?"

Waziri ya ce, "Ranar da ta Barmani za ta ƙare, ranka ya daɗe. Kwana uku ka yi a tsaye. Ita shekara bakwai take tsaye da tulu a ka. Ƙasashen nan uku sun saɓa a adadi, sun saɓa a wa'adi, sun saɓa a abin da suke dubawa, amma sun haɗu a abu biyu: akwai inda magana take tsayawa, kuma ba a bakin mai mulki take tsayawa ba."

Daga nan sarki ya yi kaffarar rantsuwarsa, ya kafa majalisar mutum biyar masu wa'adin shekara goma sha biyu, wanda ya saɓa ya rubuta, abin da suka yanke kuma ko shi ba ya taɓawa. Waziri ya janye ƙararsa, aka yanke igiyar karaga.

Shari'ar farko ita ce ta rijiya. Uku suka ba Cindo, biyu suka ba Barmani, kuma in kun tambaye ni, biyun nan sun fi gaskiya. Barmani ta zo fada ta faɗi tana kuka. Sarki ya yunƙura zai miƙe, waziri ya riƙe bakin rigarsa. Sarki ya koma ya zauna, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Inna, ba ni da iko." Ta tashi ta karkaɗe zanenta ta ce, "Da ka faɗi haka shekara bakwai da suka wuce, da yanzu na haƙa tawa."

A ranar dogari ya yanke igiyar rijiya. Cindo ya ja guga na farko ya tsallaka iyaka ya zuba a gindin dabinon Barmani. Ya ce mata da can tsoro yake kada ya nuna mata sassauci a kafa masa hujja da shi, yanzu kuwa rijiya tasa ce, ya ga dama ya ba ta. A cikin arba'in, goma sha ɗaya suka rayu.

Sarki ya yafa wa waziri alkyabbarsa, ya ƙara masa gonar maɗaci, amma ya haramta masa zama a majalisar, ya ce wayonsa ya yi yawa. Ya kuma sa aka rubuta a ƙofarta cewa hukuncin da ya ƙare, ko da aibi a cikinsa, yana kusa da adalci fiye da gaskiyar da ake ta nema har abin da ake jayayya a kansa ya mutu.

To, jiya na leƙa lambun ta saman katanga. Mangwaron da ubanku ya dasa ranar sunanki, Ladidi, ya bushe. Gwaiba shida suka rage. Ni ba zan yi muku alƙalanci ba, ni na haife ku, duk wanda ya yi kuka zan warware. Ga kawunku Liman, ga Sarkin Noma, na ukun ku zaɓa da kanku. Abin da biyu suka ce ya zauna, wanda ya sha kaye ya rubuta fushinsa ya sa a akwati. Ɗantani, ɗago kanka, da kai nake. Ku kashe maganar nan kafin Juma'a, ku kawo mini makullin, ina da ruwan da zan zuba.