Babu Mai Wannan Suna

Akwai wata mata a Minna mai suna Safara'u, babbar akawu a wata ma'aikata. Ranar Litinin, 14 ga Agusta, 1989, gari ya waye da yayyafi marar yankewa. Tana isa ofis ta tarar da wata tsohuwa a kan benci, mayafinta ya jiƙe jagab, ta ƙanƙame wata takarda cikin leda.

Inna Aishat ce, matar Baba Tsado kafinta, aminin marigayi mahaifinta.

"Inna! Ke ce cikin ruwan nan? Ina kwana?"

"Lafiya lau, Misis Munzali," in ji tsohuwar. "Ba wurinki na zo ba. Wata Safara'u Alhassan nake nema, amma an ce babu mai wannan suna."

Nan take Safara'u ta san inda maganar ta fito.

Shekara takwas kafin nan, tana da shekara ashirin da biyu, ta fara aikin buga tafireta. A lokacin wani babban kanti ya fito wa ma'aikata da kati: ka nuna shi, ka ɗauki kaya, ka riƙa biya wata-wata. Sharaɗin ɗaya ne, a kawo wanda zai tsaya wa mutum. Baba Tsado bai tambayi ko nawa ba ne. Ya dangwala yatsa ya ce, "'Yar Alhassan ai 'yata ce."

Ta ɗauki rediyo mai kaset, ta ɗauki fanka, da leshi kala uku, daga ƙarshe har da firji. Wata huɗu ta biya. Sai aure ya zo, aka mayar da mijinta Kagara, sunanta ya koma Misis Munzali a takardar albashi. Wata abokiyar aikinta ta ce mata tunda suna ya canja, ba mai iya kama ta.

Da wasiƙar kantin ta same ta a Kagara, sai ta rubuta a bayan ambulan, "Babu mai wannan suna," ta mayar.

Yanzu ga Inna Aishat ta warware ledar. Takardar kotu ce. Da kantin ya rasa Safara'u, ya koma kan wanda ya tsaya mata. Shekara bakwai Baba Tsado yana biyan naira goma duk wata, har idonsa ya yi rauni, aiki ya ja baya, ya kasa. Ranar Juma'a za a zo a ɗauke injinsa na yankan katako.

"Da injin nan muke cin abinci," in ji Inna. "Ya hana ni zuwa. Na ce masa asibiti zan je."

Safara'u ta nufi ofishin Lauya Ezekiel, maƙwabcinsu, tana fatan ya samo mata mafita.

"Barista, ni fa yarinya ce lokacin."

"Shekararki nawa?"

"Ashirin da biyu."

"Kina karɓar albashi?"

"Ina karɓa."

"To Hajiya, wace irin yarinya ce wannan?" Ya tura mata takardar. "Aure ya canja miki suna, bai canja hannun da ya sa hannu ba. A doka bashin naki ne. Shi dattijon an kama shi ne don ke kin ɓuya."

Ba ta iya ɗaga kai ba. Ita ce kullum take mayar wa ƙananan ma'aikata takarda saboda kuskuren kwabo biyar.

Da la'asar ta je shagon Baba Tsado. Ta same shi yana shafa katako da tafin hannu, don ido ya daina nuna masa inda ya karkace. Ta durƙusa cikin dusar katako da zanenta na ofis.

"Baba, me ya sa ba ka neme ni ba?"

"Na nema," ya ce. "Sau ɗaya na je Kagara. Na hango ki a ƙofar gida, ke da dangin mijinki, ana ta dariya. Na ce in na buɗe baki, sunan Alhassan za a zuba a ƙasa. Sai na sha ruwa a tasha na dawo."

"Ni ce na rubuta babu mai wannan suna, Baba."

"Na sani. Manajan ya nuna mini ambulan. Ban iya boko ba, amma yadda kike lanƙwasa rubutu irin na babanki ne."

Nan kuka ya ƙwace mata.

Tana komawa gida ta faɗa wa mijinta komai, abin da ta ɓoye shekara takwas. Washegari ta sayar da awarwaronta da firjin. Ranar Laraba ta biya ragowar kuɗin a kotu, aka janye umarnin. Abin da Baba Tsado ya biya kuma ta fara mayar masa duk ƙarshen wata. Da farko ya ƙi, sai Inna Aishat ta miƙo hannu ta ce, "Shi ya yafe. Ni ban yafe cefanen shekara bakwai ba."

Saura abu ɗaya. Ta rubuta wa manajan kantin cewa ƙarya ta yi, mai sunan tana nan, a goge sunan dattijon daga cikin masu taurin bashi. Kwana tara wasiƙar tana jakarta, kullum ta wuce gidan waya sai ta kau da kai. Rana ta goma ta tsaya, ta manna kan sarki, ta juya ambulan ta rubuta sunan mai aikawa da manyan baƙaƙe: Safara'u Alhassan. Sannan ta jefa ta cikin akwatin.

Darasi: Bashin da ka sa wa hannu da hankalinka naka ne, ko ka canja suna, ko gari, ko matsayi. In ka gudu, ba ɓacewa yake yi ba, kan wanda ya yarda da kai yake faɗawa. Ku tura wa matasanmu da suka fara karɓar albashi, su karanta kafin su ɗauki biro.