Batir Ya Mutu, Jariri Ya Rayu

Ku matso kusa, kowa ya ajiye wayarsa, don wannan ku za ku yanke hukuncinta.

A shekarar da ambaliya ta tafi da gadar Tungar Maƙera, naƙuda ta kama Kubura, matar Sanda masunci. Kwana biyu haihuwa ta ƙi zuwa, hanyar asibiti kuma ruwa ya shanye. Wata ƙungiyar agaji ta aiko da ƙaramin jirgin sama mai farfela ɗaya, da matuƙinsa Shu'aibu da makanike Hashimu. Aka kwantar da Kubura a baya, Sanda ya tsuguna gefenta, ya kama hannunta ya saki, ya sake kamawa. Tsoro ya hana shi ko salati cikakke.

Ba su yi nisa ba Shu'aibu ya ga allurar caji ta karkata baya. Janaretan jirgin ya daina ba batir wuta, sai ci kawai ake yi babu mayarwa. Injin ba ruwansa da batir, zai ci gaba da juyawa, amma rediyo fa? Ga hadari ya tare gaba, ba a kuwa kutsawa filin jirgin birni babu ji babu gani. Da wani mai taurin kai ne, dannawa zai yi. Shu'aibu ya kashe fitilu da rediyo da duk abin da ke shan wuta, ya sauka a wani tsohon fili da masu feshin tsuntsayen jan-baki suka bari.

Sanda ya leƙa, ya ga gero ta kowane gefe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina asibitin?"

Hashimu ya buɗe murfin inji, Sanda na zagaye shi kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Bel ɗin janareta a ɗaure yake. Fis bai ƙone ba. Na'urar daidaita wuta lafiya lau. Da wani makaniken ne, da tuni ya ce janareta ya mutu, a jira sabo. Hashimu ya bi wata siririyar waya da yatsu, yana lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan, har ya ji inda ta yi laushi. Robarta garau, amma girgizar inji ta tsinka ta a ciki. Ya yanke, ya haɗa, ya naɗe.

Shu'aibu ya murza makulli, injin ya yi nishi ɗaya ya yi shiru. 'Yar wutar da ya yi tsiminta za ta iya farkar da janareta, amma ba ta isa ta juya inji ba. Sanda ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka.

Sai ga Baba Ilu, wani tsoho mai gona a bakin filin. A da shi ke tayar wa masu feshi da jirgi da hannu, har farfela ta cire masa yatsu biyu, ya ce shi da ita har abada. Da ya ji nishin Kubura sai ya jefar da fartanya, ya tuɓe rigarsa don kada farfela ta fizge ta. Ya ce wa Shu'aibu, "Yaro, taka birki." Ya wurga farfela sau ɗaya, shiru. Sau biyu, shiru. A na uku injin ya kama, allurar caji ta miƙe. Suka tashi, rediyo na aiki, har suka sauka a birni.

Likita ya ce da an ƙara rabin awa, da uwa da ɗa sai dai labari. Kubura ta sami ɗa namiji.

Ran suna Sanda ya rantse ɗaya daga cikin mutanen nan uku zai yi wa takwara. Ga su a tabarma ɗaya, rago a ɗaure, liman ya miƙo kunne, Sanda ya buɗe baki ya rasa sunan da zai raɗa.

To, ku faɗa masa: Shu'aibu, Hashimu, ko Iliyasu, wato Baba Ilu?